Abin da Ya Haɗa Mai A-kori-kura da Matuƙin Jirgin Sama

A yawancin ƙananan filayen jiragen sama da ke karkarar Amurka babu layin fasinjoji, babu zauren manyan baƙi, kuma da yawansu ko hasumiyar da ke ba jirage umarnin sauka da tashi ba su da ita. Abin da baƙo zai tarar shi ne titin jirgi guda ɗaya, da jerin rumfunan ƙarfe, da famfon mai, sai manyan motocin a-kori-kura masu shan dizal da aka ajiye a bakin rumfunan. Sau da yawa mai motar shi ne mai ƙaramin jirgin da ke cikin rumfar, kuma shi ne za a gani da sifana a hannu, baƙin mai ya ɓata masa riga. Daga jihar Texas zuwa Idaho har can Alaska, irin waɗannan mutane sun zama sanannen jinsi: manoma, da makiyaya masu manyan gandaye, da 'yan kwangilar gini, da kanikawa, da tsofaffin sojoji, waɗanda zuciyarsu ta rabu tsakanin injin da ke jan kaya a ƙasa da injin da ke ɗaga mutum sama.

Mai kallo daga nesa zai iya cewa shagalin masu hali ne kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin ko a Amurka jirgin sama ya fi ƙarfin talaka. Sai dai kuɗi kaɗai ba sa bayyana dalilin da ya sa mutum ɗaya yake son waɗannan abubuwa biyu, alhali yana iya kashe dukiyarsa a kan doki ko jirgin ruwa. Abin da ya haɗa su shi ne sanin inji da hannu, tare da miƙa wuya ga ƙa'idar da inji yake gindayawa. Ƙasar da ta bar wa mai irin wannan sani ƙofa a buɗe, ta kuma tsaya a kansa da doka, ita ce ke samun matuƙa da injiniyoyin jirgi masu yawa. Najeriya na da dalilin duba wannan al'amari da idon basira, kuma dalilin yana fake a filin jirgin Zariya.

Da farko, sana'a ce ta haɗa su. Motocin da ake magana a kansu manya ne: Ford mai injin Power Stroke, wanda ya fito a 1994, da Ram, wadda ta fara ɗaukar injin Cummins tun 1989, da Chevrolet da GMC masu injin Duramax tun 2001. An ƙera su ne domin jan tirelar shanu, da tarakta, da kayan gini, kuma manya daga cikinsu suna jan abin da ya haura tan 10. Mutumin da gonarsa take nesa da birni da ɗaruruwan kilomita yana bukatar irin wannan mota, kuma nisan da ya sa ya saye ta shi ne ke sa shi tunanin jirgi. A Alaska fiye da kashi 80 cikin 100 na garuruwa ba su da hanyar mota da ta haɗa su da sauran jihar, saboda haka ƙaramin jirgi shi ne motar haya, shi ne motar asibiti, shi ne kuma mai kawo wasiƙa. A yankunan noma, masu feshin magani ta sama ba sa aiki sai da motar da ke biye da su ɗauke da mai da magani. Masu jirage marasa inji, waɗanda iska kaɗai ke ɗauka, a doguwar tirela suke zuba jirginsu bayan sun cire fikafikansa, mota ta ja shi zuwa fili.

Bayan sana'a kuma akwai dangantakar jini tsakanin injinan. Injin fetur yana jiran tartsatsin fulogi kafin mai ya kama wuta. Injin dizal kuwa fistin ne ke matse iska har ta yi tsananin zafi, da zarar an feso mai sai ya kama da kansa. Man manyan jirage, wanda ake kira Jet A, ɗan gidan kananzir ne, kuma a matatar mai maƙwabcin dizal ne. Kusancin ya kai ga rundunar sojin Amurka ta daɗe tana zuba mai iri ɗaya, JP-8, a jirage da tankokin yaƙi da manyan motoci da janareto, domin ta rage wa kanta wahalar jigila a fagen fama.

Abubuwan da mutanen biyu ke sa wa ido ma kusan ɗaya ne. Mai a-kori-kurar da ke hawan dutse da tirela yana kallon agogon da ke nuna zafin hayaƙin inji, domin ya san idan zafin ya wuce kima fistin na iya narkewa. Matuƙin ƙaramin jirgi da irin wannan agogo yake daidaita yawan mai da iska. Dukansu sun san cewa iska tana yin sirara a kan tudu da lokacin zafi, inji ya rasa ƙarfi, sai in yana da turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa ta cusa masa ƙarin iska. Dukansu suna tsoron ruwa a cikin mai: motar tana da matatar da ke ware ruwa, matuƙin kuma yana tsiyayo mai kaɗan daga ƙarƙashin fiffike a cikin kwalba ya ɗaga ya duba kafin ya tashi. Dukansu kuma suna lissafin nauyi da inda ya kwanta. Jirgin Cessna 172, wanda aka ƙera fiye da 44,000 tun 1956, idan an cika shi da mutane da mai bai kai tan ɗaya da kwata ba, ita kuwa motar da ke fake a gefensa ta kusa ninka shi uku ba tare da kaya ba. Amma ƙa'idar ɗaya ce: kaya ya yi yawa a baya, tirela ta fara rawa a kan titi, jirgi kuma ya ɗaga hanci ya ƙi saukar da shi.

Shi kansa injin dizal ba baƙo ba ne a sararin samaniya. A watan Mayun 1931, Walter Lees da Frederick Brossy sun yi sa'o'i 84 da rabi suna shawagi a Jacksonville ta jihar Florida ba tare da ƙara mai ba, a jirgin Bellanca mai injin dizal na Packard. Ba a karya wannan tarihi ba sai a 1986. A Jamus kuma kamfanin Junkers ya ƙera injin Jumo 205 a shekarun 1930. Abin da ya kayar da dizal a wancan zamani nauyi ne, domin injin da zai jure irin wannan matsi sai ya yi kauri, jirgi kuwa ba ya son nauyi. Sai a farkon wannan ƙarni aka dawo da shi, kuma ta hanyar mota ya dawo. Kamfanin Thielert na Jamus ya ɗauki injin dizal na ƙaramar motar Mercedes ya gyara shi ya dace da jirgi, kamfanin Diamond na Ostiriya ya ɗora shi a jirginsa DA42 da ya samu lasisi a 2004. Da Thielert ya durƙushe a 2008, injin Austro AE300, wanda shi ma asalinsa na Mercedes ne, ya maye gurbinsa. Waɗannan jirage Jet A suke sha, kuma ba su kai takwarorinsu na fetur shan mai ba.

Duk wannan ilimi ne mai daɗin ji, amma babban abin da matuƙi ke kawowa cikin garejin dizal hali ne. A ranar 30 ga Oktoban 1935, sabon jirgin yaƙi na Boeing, Model 299, ya faɗi jim kaɗan bayan tashi a filin Wright da ke Dayton ta jihar Ohio, mutum biyu suka rasu. Bincike ya nuna lafiyar jirgin ƙalau, kuma matuƙan ƙwararru ne, mantuwa kawai aka yi ba a cire makullin da ke riƙe da sitiyarin jirgin a ƙasa ba. Daga nan aka fito da jerin abubuwan dubawa a rubuce, wanda matuƙi ke bi ɗaya bayan ɗaya ko da ya yi shekara talatin yana tuƙi. Ma'anar wannan takarda ita ce gwani ma yana mantuwa, kuma ba abin kunya ba ne ya yarda da haka.

A kan wannan tushe aka gina sauran. Kowane jirgi a Amurka yana da littafin da ake rubuta duk gyaran da aka yi masa, da rana, da sa hannun wanda ya yi. Kowace shekara sai mai lasisi ya bincike shi, wanda ake haya da shi kuma duk bayan sa'o'i 100 na tashi. Kamfanin da ya ƙera inji yana faɗin sa'o'in da ya kamata a sauke shi a sabunta, galibi wajen 2,000, ko da ƙararsa ba ta canja ba. Ana kuma koya wa ɗalibi cewa fasa tafiya saboda hadari ko gajiya ko wani sauti da bai gane ba yana daga cikin ƙwarewa. Bahaushe ya riga ya taƙaita darasin: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mutumin da ya saba da wannan rayuwa yakan ɗauke ta zuwa motarsa. Yana zagaya tirela ya taɓa kowace taya kafin ya tayar, yana rubuta ranar da ya juye baƙin mai, wani ma har aika samfurin man yake yi ɗakin gwaji a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Cikin masu motocin dizal a Amurka akwai waɗanda ƙwarewar hannu ta zame musu lasisin taka doka. Suna cire na'urorin tace hayaƙi su sauya kwamfutar inji domin ƙarin ƙarfi, wasu ma don su riƙa turnuƙe masu keke da masu tafiya a ƙasa da baƙin hayaƙi da sunan wasa. A 2020 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ƙiyasta cewa an yi wa motoci fiye da 550,000 irin wannan aiki cikin shekara goma. Abin bai tsaya a kan ɗaiɗaikun mutane ba: a ƙarshen 2023 kamfanin Cummins ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675 kan zargin sanya manhajar kauce wa gwajin hayaƙi a dubban ɗaruruwan motocin Ram, duk da bai amsa laifi ba. Su ma matuƙan ƙananan jirage ba su fita tsarkaka ba. Fetur ɗin da yawancinsu ke sha, 100LL, yana ɗauke da dalma, gubar da mutanen Zamfara suka san ɓarnarta tun 2010. Ƙananan jiragen nan su ne mafi girman tushen dalmar da ke shiga iskar Amurka, kuma sai 2030 hukumar jiragen sama ta FAA take sa ran a rabu da man.

Kusancin duniyoyin biyu ma ya taɓa zama haɗari. Motocin dizal na zamani suna amfani da wani ruwan yuriya da ake fesawa cikin salansa ya rage gubar hayaƙi. Ruwan fari ne tas, kamar wani sinadari da ake haɗawa da man jirgi don hana ƙanƙara. A watan Mayun 2019, a filin Punta Gorda na Florida, an gauraya su bisa kuskure aka shayar da jirage, sai wani jirgin ɗaukar marasa lafiya ya rasa injinansa biyu a sama, matuƙan suka lallaɓa suka sauka a Savannah ba tare da asarar rai ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne hannu mai iyawa yana bukatar dokar da za ta riƙe shi, kuma mafi alherin masu a-kori-kurar nan su ne waɗanda tarbiyyar jirgi ta bi su zuwa mota, ba waɗanda suka ɗauki gangancin titi suka nufi sama da shi ba.

Abin lura shi ne Amurka ba ta magance wannan haɗari ta hanyar rufe ƙofa ba. Ta gina tsani ne mai matakai. Mutum na iya samun lasisin tuƙa jirgin kansa da mafi ƙarancin sa'o'i 40 na horo. Dokar FAA ta yarda mai jirgi ya yi wasu ƙananan gyare-gyare da kansa, kamar juye mai da sauya taya da wanke fulogi, matuƙar zai rubuta ya sa hannu. Ta kuma yarda mutum ya ƙera jirgi a garejinsa idan shi ya yi fiye da rabin aikin, sannan jami'i ya zo ya duba, a ware masa sa'o'in gwaji nesa da jama'a kafin ya ɗauki kowa. Ƙungiyar EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, tana tara jirage fiye da 10,000 a garin Oshkosh na jihar Wisconsin kowace shekara, kuma tun 1992 mambobinta sun ɗauki yara fiye da miliyan 2 sun zagaya da su sama kyauta. Sakamakon shi ne ƙasar na da ƙananan jirage fiye da 200,000 da filayen da jama'a ke amfani da su wajen 5,000. Daga wannan taro ne manyan kamfanoni da rundunar soji suke tsamo matuƙa da kanikawa.

A nan ne labarin ya taɓo Najeriya, har ta fuska biyu. Jirgin Air Beetle, wanda aka harhaɗa guda 60 a Kaduna domin horar da matuƙan sojin sama, asalinsa RV-6A ne, zanen Richard VanGrunsven na jihar Oregon, irin jirgin da Amurkawa ke haɗawa a garejin gida kusa da a-kori-kurarsu. Ta ɗaya fuskar kuma, Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta sha fama da tsada da ƙarancin fetur ɗin jirgi da ake shigowa da shi daga waje. Mafitar da ta samu ita ce komawa ga jiragen Diamond DA40 da DA42 masu injin dizal, waɗanda ke shan Jet A1 da ake samu a manyan filayen ƙasar, wanda kuma matatar Ɗangote ta fara fitarwa a 2024. A Amurka, inda fetur ɗin jirgi yake ko'ina, dizal bai samu kasuwa sosai ba, har kamfanin Cessna ya daina ƙera samfurin 172 mai dizal a 2018. A Afirka kuwa shi ne ya fi dacewa. Ke nan ɗalibin da ke koyon tuƙi yau a Zariya, injin da ke gabansa ɗan uwan wanda bakaniken dizal ke kwancewa ne a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano.

Hannun yana nan, tsanin ne ya yi ƙaranci. Arewacin Najeriya cike yake da mutanen da suka san famfon dizal da nozul kamar yunwar cikinsu, saboda tireloli da taraktoci da injinan niƙa da janareto. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa, kafafen labaran duniya suka ɗauka, aka yi tafi aka watse. A Oshkosh irin wannan yaro zai samu dattawan da za su duba waldarsa su gyara masa lissafi, da jami'in da zai gaya masa abin da ya rage kafin a ba shi izini. A nan kuwa, idan aka ce jirgi mai zaman kansa, abin da ke zuwa zuciya shi ne na attajiri ko gwamna, alhali jihohi da dama sun gina filayen da jirage ƙalilan ke sauka a mako in ba lokacin aikin Hajji ba, kuma duk shekarar da tsuntsayen jan-baki suka afka wa gonakin shinkafa da gero a Kebbi ko Jigawa ko Yobe sai an shiga neman jirgin feshi na haya.

Za a ce ƙasar da ke fama da matsalar tsaro ba ta da sararin barin ƙananan jirage su yawaita. Damuwar ta halatta, amma jirgin da ke da rajista, da mai shi sananne, da fili sananne, ya fi sauƙin sa ido a kan wanda aka ƙera a ɓoye saboda babu ƙofar shiga. Za a kuma ce talauci ya fi wannan gaggawa. Amsar ita ce abin da ake nema bai kai kuɗin ginin sabon filin jirgi ɗaya ba. Hukumar NCAA za ta iya bayyana hanya mai sauƙin bi ta rajistar ƙananan jirage da waɗanda aka haɗa a gida, da kuɗin da ƙungiyar mutum goma za ta iya biya. Kwalejin Zariya da kwalejojin kimiyya da fasaha za su iya buɗe gada da bakaniken dizal mai takardar gwajin sana'a zai bi ya kai ga lasisin gyaran injin jirgi. Jihohin da filayensu ke zaune za su iya ba ƙungiyoyin koyon tuƙi rumfa da titi. Sannan dole a tsananta kan ingancin mai, domin a watan Yulin 2023 an samu ruwa mai yawa a tankin wani jirgin fasinja a Yola, kuma ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ba shi da na biyun da zai dogara da shi.

Akwai kuma kason darasin da ba ya bukatar kasafin kuɗi ko sa hannun minista. Direban a-kori-kurar da ke ɗaukar buhuna da mutane ranar kasuwa zai iya zagaya motarsa kafin ya tayar, ya duba taya da birki, ya tsiyaye ruwan matatar mai, ya ajiye ɗan littafin gyara, ya kuma ƙi ƙarin buhu biyar idan mota ta cika. Masu motocin da ƙungiyoyin direbobi za su iya mayar da wannan sharaɗin lodi a tasha. Matuƙan jirgi sun koyi waɗannan ɗabi'u ne bayan an binne abokansu, kuma hanyoyin Najeriya sun ci rayukan da suka isa a ce an koye su tuntuni.